Ledar Tace Gas a Hannun Inna

Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin Turai, ya iyali? Mu nan Yako lafiya lau.

An ga farar ledar da ka manta a gida, wadda ka ce sai da ita za ka kammala bincikenka. Inna ta ji ka ce tana tace iskar gas, tana ware iskar girki daga sauran, sai ta zuba mata ƙullun koko. Ko ɗigo bai wuce ba. Ta ce, "Ai a toshe take," ta bi ta da allura.

Ga ta nan cikin ambulan. Ka sa mu a addu'a. Inna tana gaida malamanka, ta ce ka gaya musu yanzu tana tacewa sarai.

Ƙanwarka,
Hajara