Malaminmu Zai Kira Baba

Yaya Malami,

Ina gaishe ka. Ya ƙafar Inna? Ya mutanen Malbaza? Ni lafiya lau nake a Dakar, barci ne dai ya ƙi.

Karatun nan na kasuwancin intanet don masu aiki aka yi shi, kowa da kamfaninsa yake gwaji. Ni ba ni da aiki, sai na buɗe wa motar simintin Baba shafi, na sa lambarsa. Ran Laraba ƙarfe biyar agogonku, malaminmu zai kira kamar mai neman haya. In ba a amsa ba, na faɗi.

Ka san Baba, yana jin Faransanci zai kashe waya, wai 'yan damfara ne. Don Allah ka zauna kusa da shi. Kar ka tafi Konni ranar.

Ƙanenka,
Mahfuz