Wata Goma Sha Huɗu da Ba Nawa Ba

Zuwa ga Shugaban Ofishin Ajiyar Fayilolin Sojoji,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin soja ga babbansa, ina fatan wannan wasiƙa ta same ka lafiya, kai da iyali da duk masu aiki a ƙarƙashinka.

Sunana Yohanna Bulus, saja mai ritaya. Ina zaune a Sabon Tasha a Kaduna, inda nake da injin niƙa a bayan kasuwa. Ban rubuto maka a fili don in kunyata kowa ba. Na aika takarda sau biyu ta hanyar da aka saba, ban san ko sun iso teburinka ba, kuma shekaruna sun kai inda ba na son barin magana a hannun gobe.

Na san yawancin masu rubuto maka suna roƙon a ƙara musu wani abu ne a fayil. Ni roƙona a rage mini. A fayil ɗina akwai wata goma sha huɗu na aikin ƙasar waje da ba ni na yi su ba. Wanda ya yi su ya rasu, kuma nasa fayil ɗin yana cewa a waɗannan watanni gudu ya yi daga aiki.

Na ɗaya, yadda abin ya faro.

Rana ɗaya aka ɗauke mu aikin soja da wani ɗan Filato mai suna Bulus Yohanna. Ni Yohanna Bulus, shi Bulus Yohanna. A layi yana bayana, don haka lambobinmu suka zo a jere, ta ƙarshe ce kaɗai ta bambanta. A bariki ba a taɓa ruɗa mu ba, domin na fi shi tsayi nesa ba kusa ba, kowa yana kiranmu Dogo da Gajere. Sai dai takarda ba ta ganin tsayi.

Tare muka je Laberiya aikin kiyaye zaman lafiya, tare muka dawo. Wannan tafiyar tawa ce, ba na jayayya da ita. Bayan mun dawo na ji ciwo a gwiwa. Ba harsashi ba ne, ba zan ƙawata labari ba, daga bayan babbar mota na diro da kaya a kafaɗa. Lokacin da aka tura bataliyarmu Saliyo ina kwance a asibitin bariki, da na tashi kuma aka mayar da ni sito ina ƙidayar barguna. Gajere ne ya tafi. Daga asibitin na fito ina dogara sanda, na raka shi har bakin mota. Ya bar mini rediyonsa, ya ce in riƙa leƙa matarsa Saratu, wadda a lokacin take da tsohon ciki.

Bayan wata goma sha huɗu ya dawo a rame, da tarin da bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. Bai cika ba da labarin can ba. Ya ƙarasa shekarunsa na aiki, ya gina ɗaki biyu a Romi nan Kaduna, ya yi gadi a wata masana'anta har ƙarfi ya ƙare. Shekara shida ke nan da muka binne shi.

Na biyu, laifin da yake nawa.

Ba zan nuna ofishinka da yatsa ba tare da na fara da kaina ba. Shekara huɗu da suka wuce, lokacin tantance masu ritaya, aka buga mini tarihin aikina. Na duba na ga tafiya biyu, Laberiya da Saliyo. Nan take na gane kuskure ne. Na naɗe takardar na sa a aljihu na hau keke na koma gida. Na ce wa raina ai ba wanda ya cutu, kuma wa zai je ya tayar da ƙura a kan abin da aka ƙara masa? Akwai ma ranar da aka gabatar da ni a taron tsofaffin sojoji a matsayin wanda ya fita waje sau biyu, aka tafa, ban gyara ba. Ban tsaya na tambayi kaina ba cewa in an ɗora mini waɗannan watanni, daga kan wa aka sauke su.

Na uku, yadda ɗaya rabin kuskuren ya fito.

Bara tsofaffin sojojin ɓangarenmu suka shirya rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin waje suka riga mu gidan gaskiya a jikin wani allon dutse. Aka ce kowane gida ya kawo kwafin tarihin aikin mamacinsa. Rifkatu, 'yar Gajere, wadda aka haifa yana Saliyo, yanzu nas ce, ita ta nemo na mahaifinta. Takardar ta zo da Laberiya a rubuce. A gurbin Saliyo kuwa aka rubuta cewa ba ya bakin aiki kuma ba da izini ba.

Magana ba ta daɗe a gida ba. Wasu daga cikin dangin Gajere suka fara cewa wataƙila yana da wani gida ne a wani gari, ya fake da yaƙi. Saratu mace ce mai kunya, tana cikin zumuntar mata a cocinsu shekara da shekaru, amma ta daina zuwa saboda kallon da take jin ana yi mata.

Ranar wata Talata da rana ta zo wurin injina, ba ta kawo niƙa ba. Ta miƙo mini takardar ta ce, “Baba Dogo, kai ka raka shi mota. In ba Saliyo ya je ba, ina ya je?”

Na kashe injin. Na ce ta zauna, na je gida na ɗauko tawa takardar, na shimfiɗa su a kan buhun masara. Watan da ya ɓace a tasa shi ne ya bayyana a tawa, daga farko har ƙarshe. Na gaya mata cewa na san da rabin wannan kuskure tun lokacin tantancewa, na yi shiru. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da za ta ce. Ta daɗe tana kallon takardun, sannan ta ce, “To, tunda ka faɗa, sai mu tashi mu gyara.” Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba har yau, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce ta zage ni.

Na huɗu, zuwanmu ofishinka.

Sau uku na zo, kowace tafiya kuwa yini guda ce a mota, ga gwiwa. A karo na farko aka ce ba ni da hurumin yin magana a kan fayil ɗin mamaci, sai magajinsa. A karo na biyu na zo da Saratu, aka ce ita tana iya neman gyaran na mijinta amma ba ta da iko a kan nawa, ni kuma ina iya neman gyaran nawa amma a wani tebur dabam, kuma teburan biyu ba sa haɗa fayil. Wani akawu ya yi dariya ya ce ni ne tsoho na farko da ya gani ya zo a rage masa. Ban ji haushinsa ba, domin ni ma da na zauna a kujerarsa da na yi mamaki.

A karo na uku Allah ya haɗa mu da wata manjo. Ba zan ambaci sunanta ba don ban nemi izininta ba, amma ina so ka san kana da irinta a ofishinka. Ta ba mu kujera, ta saurare mu har ƙarshe ba ta taɓa wayarta ba. Ta sa aka ɗauko fayilolin biyu, ta ajiye su gefe da gefe, tana buɗe shafi bayan shafi. A tsakiyar nawa ta sami takardar tafiya Saliyo. An rubuta sunan a juye, shi ya sa wani ya maƙala ta a inda ba wurinta ba. Rukunin jinin da ke kai ba nawa ba ne. A gurbin wanda za a sanar in wani abu ya faru kuma an rubuta Saratu. Ranka ya daɗe, sunan matata Hannatu.

Manjon ta nuna wa Saratu sunanta da hannun mijinta ya rubuta. Sannan ta miƙe ta ƙame ta sara mata. Na ga janar-janar ana sara musu a fareti, amma ban taɓa ganin sarawar da ta sauka inda ya kamata kamar wannan ba. Ta rubuta bayaninta a gabanmu, ta ce ita ba ta da ikon cire takarda daga fayil zuwa wani, sai da sa hannunka. Wata biyar ke nan da wannan rana.

Na biyar, abin da muke da shi a hannu.

Saratu ta adana wasiƙu bakwai da ya aiko mata daga can, da kan sarkin ƙasar a jikinsu. A ɗaya daga ciki ne ya zaɓa wa jaririyar suna. Akwai katinsa na rigakafi mai ruwan ɗorawa, da hoton da ya ɗauka da abokan aikinsa a bakin teku. Ni kuma ina da katin asibitin bariki da ke nuna ina kwance a makon da aka tafi. Mutum biyu da suka yi tafiyar tare da shi suna raye. Ɗaya kofur ne mai ritaya, ɗan Binuwai, yana zaune a Barnawa. Ɗayan Alhaji ne da yake tuƙa motar rukuninsu, wanda ya ce ko a kujera za a ɗauko shi zai zo ya ba da shaida, domin Gajere ya taɓa goya shi a baya ranar da zazzaɓi ya kayar da shi a daji.

Akwai kuma abin da ya shafe ni kai tsaye. Tunda fayil ya ce ina Saliyo a lokacin, kwanciyata a asibiti ba ta ciki. Da na je a duba mini gwiwar nan bara, likita ya ce babu inda aka nuna na ji ciwo a bakin aiki. Kuskuren da na zaci kyauta ce ashe ni ma ya ci ni ta baya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

A cire watannin Saliyo daga fayil ɗina a mayar da su na Bulus Yohanna. A goge maganar barin aiki ba da izini ba daga sunansa, gogewa ta gaskiya, ba a ja layi a kai a bar ta ana karantawa ba. A ba iyalinsa takarda mai hatimin ofishinka da za su iya nuna wa dangi da masu rubuta suna a dutse. Idan akwai lambar yabo da ke tare da wannan tafiya, a miƙa ta ga Saratu hannu da hannu. A mayar mini da watannina na asibiti da na sito, domin su ne nawa, ba na jin kunyarsu.

Sannan ina roƙon ka duba ko za a buɗe hanya guda ga mutum biyu da fayilolinsu suka cuɗe, su shiga ta ƙofa ɗaya. A zamaninmu da hannu ake rubuta komai, kuma masu suna Yohanna da Bulus da Musa da Garba sun cika kowace bataliya. Ba na jin mu kaɗai ne.

Idan doka ta tanadi wani hukunci a kan shirun da na yi, na yarda, ba zan ɗaukaka ƙara ba.

Ina da kyakkyawan zato a kanka. Wanda ya riƙe ofis har irin wannan manjo take aiki a cikinsa ba tare da tsoro ba, ba na jin zai ga takarda irin wannan ya tura ta gefe. Na fi zaton ba ta iso gabanka ba ne, ko tana ƙarƙashin wasu. Saratu ta koma zumuntar mata tun ranar da ta ga sunanta a fayil. Rifkatu ta ce ba ta gaggawa, tunda yanzu ta san gaskiya tana nan a rubuce. Ni ne mai gaggawa, ni da tsofaffin shaidun nan biyu, don ba mu san wanda za a fara kira a cikinmu ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare ka daga sa hannu a kan abin da ba daidai ba, ya sa ka gama aikinka da suna mai kyau. Ya sa ranar da wani zai buɗe naka fayil ɗin bayan ka bar kujera, ya tarar da kowane shafi a wurinsa. Ya kiyaye 'ya'yanmu da ke bakin daga yau, ya dawo da su gida.

Duk ranar da ka sa, mu huɗu, ni da Saratu da shaidun biyu, za mu zo da farar safiya. Na riga na goge takalmina.

Wassalam, tare da girmamawar tsohon soja.

Saja Yohanna Bulus, mai ritaya
Sabon Tasha, Kaduna