Buhun Idella na Ƙarshe

Litinin, 5 ga Oktoba, 1987

Na sauko da buhun Idella daga ɗakin ajiya. 'Ya'yan itacen da ake kira baƙin oak ne, na ƙarshe da matata ta tsinta da hannunta kafin ciwo ya kwantar da ita. Sun bushe sarai, in ka girgiza ɗaya kana jin ƙwarar tana kaɗawa a ciki. Ran ashirin da huɗu ga wata za ta cika shekara da rasuwa, dangi za su taru, kuma da buhun nan za a dama kunun da za a sha. Ni zan yi. Ai ni ne mijinta.

Ƙanwarta Verna ta aiko wai a kai mata buhun. Ita da take niƙa a injin lantarki, ta wanke gari da tiyo kamar mai wanke mota! Kuma ita ce ta yi gaba da kwandon girkin Idella ranar da aka ƙona kayan marigayiyar bisa al'ada, ko sallama babu. Ban manta ba.

Alhamis, 8 ga Oktoba

Fasawa nake yi tun safe. A kan tsini ake bugawa, ba a gefe ba. Masu tsutsa kaɗan ne, don Idella ba ta tsintar waɗanda suka fara zubowa daga itace, tana bar wa barewa. Jan ɓawon nan na ciki shi ne mai cin rai. Na murza, na sheƙe.

Kofin da ake dafawa a kantin gari ya lalace. Ruwan zafi ne kawai mai launi. Na gaya wa mai kantin, ya ce irin na da ne. Ƙarya yake.

Asabar, 10 ga Oktoba

Orval ya zo, abokina tun muna aikin yankan katako. Ya tarar da ni da faifai a cinya, ya ce, "Delbert, yaushe ka koma mace?" Na ce, "Ranar da ka koma mutum, wato ba a kai ga ranar ba." Ya yi dariya har da tari. Can ya ce in bar wa Verna aikin. Na ce in zai sake kiran sunan nan ya ɗauki hularsa.

Rayuwata duka ina kallon matar nan tana yi. Me zai gagare ni?

Laraba, 14 ga Oktoba

Daka, a kan dutsen bakin rafi, a ramin dutsen da Idella take daka a ciki. Na tankaɗe, na mayar da tsakin, na sake dakawa. Gari ya yi laushi kamar toka. Inji ba zai ba ka wannan ba ko zai kwana yana ihu. Na raba shi kashi uku, ɗaya na gwaji.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Kafaɗa ta ƙi ɗaguwa. Gobe.

Asabar, 17 ga Oktoba

Na haƙa rami kamar kwano a yashi don wanke ɗacin garin, na shimfiɗa ƙyalle, na baza kashin farko. Ruwa a hankali, ta kan reshe mai ganye don kada ya rarake garin. Da launi ya fara washewa na ɗanɗana, babu ɗaci ko kaɗan. Na fi Idella sauri ma. Na dafa a tukunyar ƙarfe, tunda kwandon yana hannun ɓarauniya.

Na zuba wa Orval. Cokali ɗaya ya kai baki ya furzar. "Kai tsoho, kashe ni za ka yi? Maɗaciyar barewa ka fasa a ciki?" Na ce bakinsa ne ya ruɓe da taba. Na shanye nawa tas a gabansa.

Cikina ya yini yana murɗawa.

Lahadi, 18 ga Oktoba

Na sa gishiri a harshe. Ba komai. Na matsa lemon tsami. Ba komai. Ashe tun zazzaɓin hunturun bara bakina ya daina jin ɗanɗano, ni ban lura ba, ina ta zagin kofi. (Mai kantin ba zai ji wannan daga bakina ba.)

Kashi ɗaya na Idella ya tafi, in an dafa da ɗaci ba ya gyaruwa. Saura biyu.

Talata, 20 ga Oktoba

Orval ya ce shi zai riƙa ɗanɗana mini. Shi ɗaci kawai ya sani. In ruwa ya wuce kima kuma garin ya zama lami, kamar ka tauna jiƙaƙƙiyar takarda. Idella takan ce akwai wani ɗan lokaci da ɗaci ya fita, zaƙi bai bi shi ba, nan ake tsayawa. A bakin uwarsu suka koya, ita da Verna.

Hannuna ya san aikinsa. Harshe ne kawai. Zan samo dabara.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Orval da bakinsa kamar rariya. Ina bakin rafi sai ga Verna tana gangarowa, kwandon a hammata.

Ta ce, "An ce harshenka ya mutu. Da ma wanda kake zagin mutane da shi ne ya mutu."

Na ce, "Kin dawo da kayan sata?"

"Sata? Ran nan kana zaune kamar kututture, ba ka ma ga abin da ake jefawa a wuta ba. Saƙar uwarmu ce. Da na bar shi, da yanzu toka ne. Matsa, mai taurin kai."

Ban matsa ba. Ita ta zagayo. Ta murza garin a yatsu, ta tambayi wa ya daka. Na ce ni. Ta daɗe tana murzawa, sannan ta ce ba laifi.

Ni na zuba ruwa, ita tana ɗanɗanawa, tsakiya da gefe. "Ƙara." Na ƙara. "Ƙara, ba kuɗinka ba ne, na rafi ne." Har rana ta karkata. Can ta ce, "Tsaya." Ta bar yatsan a bakinta, ta juya fuska wajen ruwa. Na duƙufa gyaran bokiti, ko da yake babu abin da ya same shi.

Asabar, 24 ga Oktoba

An yi taro. A kwando muka dafa, ni ina ciro jajayen duwatsu daga wuta ina tsomawa a cikin kunun, Verna tana juyawa kada su ƙona gindin. Ko dutse ɗaya ban yar ba, a shaida wannan.

Wata tsohuwa cikin danginsu ta kurɓa, ta rufe ido, ta ce, "Wannan na Idella ne." Aka fara yabon Verna. Na jira in ji ta haɗiye yabon. Sai ta ce, "Shi ya daka, shi ya wanke. Ni harshe kawai na ara masa."

Na sha kwano biyu. Ɗumi na ji, da santsi. Ya isa.

Litinin, 26 ga Oktoba

'Ya'yan oak sun fara zubi na biyu. Na hau tudu, gindin itatuwan Idella, na cika buhu biyu. Ɗaya ya ishe ni, shi ya sa na jefa ɗayan a bayan mota. Hanyar gari ta ƙofar Verna ta bi, ba ni na ja ta can ba. Na sauke mata shi.

Ta bar kwandon a ɗakina, wai mantuwa ta yi. Na ce mata in buhun ya bushe kada ta ɓata shi a inji. Ban ce ta zo ba. Na dai ce ramuka biyu ne a kan dutsen nan.