Taki Ɗaya Gaban Layi

Litinin, 4 ga wata

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma aikin sito bai karya maka baya ba. Umma tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi har tana fita bakin ƙofa. Antinka ma ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci a kan lokaci. Sau bakwai na kira ka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na koma takarda. Ka san dama a nan bakina ya fi buɗewa.

Yau kwana hamsin da biyu da tafiyarka. Na san za ka ce Akawu bai daina ƙirge ba. Ban daina ba. Kullum da safe ina shiga gareji, in ɗauki sanduna uku daga cikin shidan nan namu, in yi ta cilla su sama ina cafewa na minti arba'in, sannan in rubuta. Sauran ukun suna rataye inda ka bar su. Na gwada cilla wa bango, amma bango ba ya mayar da sanda.

Shekara goma sha tara muna tsayawa fuska da fuska, taki shida a tsakaninmu, sanduna shida suna yawo a iska, in cilla maka ka cafe, ka cillo mini in cafe. Da wannan muka riƙe gida, a makarantu da wurin shaƙatawa. Don haka maganar ranar Asabar ɗin nan ta kafin tafiyarka ba ta bar ni na huta ba. Mun hau akwatuna biyu domin sabon wasan da na tsara, wanda ka yi ta cewa mu bari, ni kuwa na ce tsoro ne da lalaci. Sanda ta faɗi sau huɗu a gaban 'yan kallo, duka daga hannunka na dama. Manaja ya ce mu ɗan huta tukuna. Ni kuma na zaro littafi a gabansa da gaban masu sayar da tikiti, na karanta: faɗuwa ɗari uku da goma sha biyu a bana, ɗari biyu da tamanin da jan biro, wato naka, sauran da shuɗi, nawa. Abin da ka ce kawai shi ne, "To, Yaya."

Har yanzu ina ganin lissafin daidai ne. Amma wurin da na karanta shi bai dace ba, wannan na amsa. Ko dai ban sani ba, Auta. Da ka yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Jiya na sa bidiyon da Antinka ta ɗauka ranar a zauren nan namu na intanet, na masu wasan cilla. Na tambaye su yadda ake gyara hannun abokin wasa idan riƙonsa ya yi rauni. Ban ambaci sunanka ba. Idan sun ba da shawara mai kyau zan rubuto maka ita bi da bi, sai ka riƙa gwadawa a can.

Ka kula da kanka.

Yayanka,
Akawu

Alhamis, 14 ga wata

Auta,

Ina gaishe ka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Kowa lafiya a gida. Ban ga amsarka ba, kuma bayan abin da zan faɗa maka ban ga laifinka ba.

Mutum talatin da ɗaya suka amsa a zauren. Yawanci barkwanci ne. Wani ya ce in ɗaura maka kwando a wuya, wani kuma inda muka sayi sandunan kawai yake son sani. Sai tsohuwar nan da ake kira Bahaguwa, wadda ta shekara talatin tana wasan cilla a manyan tantunan nishaɗi kafin ta ajiye, wadda kake cewa idonta ya fi na likita. Ta rage gudun bidiyon, ta dawo mini da shi da layi ɗaya a ƙasa: "Kar ka kalli hannunsa, kalli ƙafarsa."

Na kalla. Duk sandar da ta fito daga hannuna na hagu ba ta isa gare ka. Tana gajarcewa, kuma ba ta gama juyawa, sai ta zo maka da kai maimakon ƙota. Ga ka a kan akwati, yatsun ƙafarka sun leƙo waje, kana miƙa jiki kamar mai ɗiban ruwa a rijiya ba guga. Ba ka da inda za ka taka.

Na yi mata musu, ka san hali. Na ce rana ɗaya ce. Ba ta ja ba, ta tuna mini abin da ake koya wa kowa a makon farko, cewa idan sanda ta faɗi a fara duba wanda ya cilla. Ni na koya maka wannan, Auta, kana ɗan shekara sha biyar.

Sai na jera tsofaffin bidiyoyinmu bisa kwanan wata, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku na yi. Abin ya fara shekara biyu da wata uku da suka wuce. Da farko kana ɗan rusunawa ne kawai. Daga baya ƙafarka ta dama ta fara zamewa gaba, ka cafe, ka koma, da sauri yadda mai kallo zai ɗauka salo ne. Ni ma salo na ɗauka. Har na taɓa rubuta cewa Auta ya fara rawar kai.

Shekaranjiya na shiga gareji na durƙusa. Layuka biyun da na ja da fenti ruwan ɗorawa, inda kowannenmu zai tsaya, suna nan. A wajena, siminti ya goge daidai kan layi, domin ni ban taɓa gocewa ba, kuma da wannan nake alfahari. A wajenka fentin yana nan da kyansa, amma taki ɗaya a gabansa ƙasa ta yi sumul, har da ɗan kwari daidai faɗin takalminka. Na sa tafin hannuna a ciki. Antinka ta shigo ta same ni a haka, ta tambaya ko wani abu na yar. Na ce mata eh.

Kullum ina share garejin nan, ban taɓa gani ba. Faɗuwa nake ƙirgawa. Waɗanda ka tare kafin su faɗi, ba ni da shafinsu.

Ka yafe mini. Ban san yadda ake tsara wannan maganar ta yi kyau ba, na yaga takarda biyu kafin wannan.

Yayanka,
Akawu

Lahadi, 24 ga wata

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya shigo wayata ranar Talata, na gode. Umma ta ji za ka zo ƙarshen wata, tun yanzu ta sa an wanke labulen ɗakinka.

Na je asibiti kamar yadda ka ce. Likita ya sa na matse yatsunsa da hannu biyu, ya sa na ɓalle maɓallin riga yana kallo. Ya ce jijiya ce daga wuya. Magani zai rage mata sauri, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na tambaye shi shekara nawa suka rage mini a wasa, sai ya tambaye ni ko ina da wata sana'a. Na fahimta.

Na karanta saƙonka ya fi sau ashirin. Ka ce ka gane tun ranar da kofi ya suɓuce mini na ɗora wa sabulu laifi. Ka ce, "Da na faɗa maka, Yaya, me zai tashe ka da safe?" Wataƙila da na yi fushi, na kawo maka littafi. Kusan tabbas haka zan yi.

Ka kuma ce ba za ka dawo wasa ba, an ba ka kula da sashe a sito, kuma ka gaji. Ba zan roƙe ka ba. Shekara biyu kana yin aikin mutum ɗaya da rabi, ladanka jan biro.

Ga abin da na yi, bi da bi. Na koma wurin shaƙatawa na faɗa wa manaja gaskiya, a gaban masu sayar da tikitin nan, a inda na tsaya wancan karon. Shi bai ma tuna lissafin ba, amma ɗaya daga cikin matan ta ce ita ta tuna fuskarka. Na rubuta a zauren cewa hannun da nake neman a gyara nawa ne. Bahaguwa ta ce ita ma haka ta ajiye, kuma har yau tana cilla ƙwallo biyu da hannu ɗaya a kicin. Na fara bin jan biron da shuɗi a littafi, amma launin ya dagule, ba ja ba shuɗi. A shafi na tara na tsaya, na sa littattafan duka a akwatin nan da na tilasta maka hawa, na rufe.

Abu ɗaya nake nema, kuma idan ka ce a'a ba komai. Idan ka gama da Umma, ka shigo gareji minti goma. Babu 'yan kallo, babu biro. Ina so in cilla maka sau ɗaya ina sane da abin da kake yi mini.

Jiya na sa wuƙa na kankare layinka. Nawa na bar shi, don ni ban iya tsayuwa ba layi ba. Idan ka zo, ka tsaya inda sandar take sauka.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Yayanka,
Akawu