Motar Habu Ta Kafe a Rairayi

Zuwa ga Yaya Sani a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya iyali da zaman baƙunta? Allah ya sa kuna lafiya.

Bayan haka, sai haƙuri. Allah ya yi wa Baba rasuwa.

Ƙaramar motar nan mai amfani da man gas, wadda ƙanenmu Habu ya saya a hannun Baturen gyaɗa, shan mai gare ta. Habu ya kwance famfon man ya wanke, ya matse shi, har mai kaɗan yana kai shi Ajingi ya dawo. Baba ya ji sautinta ya ce, “Habu, ka rage mata abinci, ka rage mata ƙarfi.” Duk muka yi dariya.

Ran Laraba maciji ya sari Baba a gonarsa ta ƙauyen Balan. Muka ɗauke shi za mu asibitin Kano, muna fita Gaya motar ta kafe a rairayi, ta kasa fita. Muna turawa, Habu yana neman sufana don ya sassauta famfon man, Baba ya ce, “Bari, ɗana, zo ka riƙe ni.” A cinyarsa ya cika.

Tun ranar Habu bai taɓa sitiyari ba, abinci ma sai Inna ta yi kuka yake ci. Mun ce masa kwana ne ya ƙare, ba ya ji. Yaya, maganarka yake ji, ka rubuto masa.

A sa Baba a addu'a. Inna tana gaishe ku.

Ƙanenka,
Ali