Na Wanke Masa Rigar Ruwa, Ashe Kashe Ta Na Yi

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa maganar nan a gida ba a yi mini dariya ba.

Maigidana mai datse bishiyoyi ne. Shi ake kira idan reshe ya sunkuyo kan rufin gida ko kan wayar lantarki, wani lokacin kuma kamfaninsu ya tura su daji sara. Shi ne mai hawa, sauran suna ƙasa riƙe da igiya. Shekara goma sha huɗu ke nan yana fita da hular kwano da ɗamarar hawa da injin yanka, ni kuma ina bin sa da addu'a. Ruwan sama ba ya hana su aiki, hasali ma lokacin ne rassa suka fi karyewa.

Yana da wata jaket ta ruwa, mai launin ruwan lemo, da yake ratayewa a ƙusar bayan ƙofar kicin. Anti, ƙazantar rigar nan sai wanda ya gani: ƙaro, baƙin mai, garin katako, ga wari. Duk sanda na ce zan wanke sai ya ce in bar masa abarsa. Ranar da ya tafi gaisuwar mutuwa, na ce yau sai na ga asalin launinta. Na jiƙa ta a ruwan zafi da garin sabulu har da bilic, na dirje ta da buroshi, da ta bushe na bi ta da dutsen guga. Ta fito fes, ina ta jin daɗi. Da ya dawo ya jujjuya ta, ya shafa, ya dube ni, ya yi godiya. Iyakar abin da ya yi ke nan.

Ashe na kashe rigar, wankin ya cinye abin da aka shafe ta da shi don tare ruwa. Da, ruwa kan taru a kanta ɗigo-ɗigo ya gangare, yanzu sha take kamar tsumma. Ban sani ba sai da matar abokin aikinsa ta faɗa mini a asibiti, domin bayan ya yi sati biyu yana dawowa sharkaf, sanyi ya kama masa ƙirji, ya kwana shida a gado. Likita ya ja masa kunne cewa huhunsa ba zai ɗauki irin wannan jiƙewar sau biyu ba.

Don in gyara ɓarnata na shiga kasuwa na zaɓo wadda ta fi kowacce kauri, ta roba, koriya mai duhu, doguwa har gwiwa, da hula da igiyoyin tsukewa. Har hura ta na yi da baki, iska ba ta wuce ba, na ce to ruwa ma ba zai wuce ba. Kwana ɗaya ya sa ta. Shekaranjiya na leƙa bayan motar aikinsu na tarar an lulluɓe inji da ita, shi kuma ya koma cikin tsohuwar da na lalata. Wallahi sai da na yi kuka.

Har yau bai ce mini uffan ba. Da faɗa ya yi, da na fi samun sauƙi. Kowace safiya ina jin tarinsa daga banɗaki, ina duban hadari ta taga. Fushi yake yi? Raina kyautata ya yi? In zan sake sayo wata, wace iri? Ko in roƙe shi ya bar aikin, alhali ba shi da wata sana'a kuma yana son wannan kamar ransa? Ban san inda zan kama ba.

Matar Mai Hawa

Ƙanwata, share hawayenki. Kin yi kuskure sau biyu, duka don kina son sa. Shi ma yana da nasa laifin, don da ya gaya miki dalilin hana wankin tun farko, da ba a kai nan ba.

Na tambayi wani tsohon ma'aikacin daji, kuma ban ga alamar raini a abin da mijinki ya yi ba. Doguwar riga tana rufe ƙugiyoyin ɗamara, igiyoyinta suna maƙalewa a reshe ko a sarƙar inji. Roba tana tsare gumi, mutum ya jiƙe daga ciki. Kore kuwa ɓacewa yake cikin ganye, na ƙasa ba sa ganin inda mai hawa yake. Tsakanin jiƙewa da faɗowa ya zaɓi jiƙewa, ya kuma yi shiru don kada ranki ya ɓaci.

Tsohuwar kada ki sa rai da ita. Sabuwar kuma kada ki sayo ke kaɗai. Ku je tare, da ɗamararsa da hular kwanonsa. Ku nemi gajera iya ƙugu, mai launi mai haske, mai yadin da ke tare ruwa ya bar gumi ya fita, wadda aka liƙe ɗinkinta daga ciki, da zif a hammata. Ya sa ta ya miƙa hannuwa sama, in ta tattare ta bar cikinsa a waje ku ajiye ta. Ya kuma tambayi kamfani, wataƙila su ya kamata su ba shi.

Ba zan ruɗe ki ba, babu rigar da za ta tsare mutum wuni guda a kan bishiya ƙarƙashin ruwa. Ki riƙa sa masa busasshiyar riga a leda, tarin nan kuma a koma wa likita cikin satin nan. Barin aiki maganarsa ce shi da likitan, ba ki da ikon sauko da shi.

Abin da ke hannunki shi ne bakinki. Yau, kafin ya cire takalmi, ki gaya masa kin san abin da ya sami rigar, kuma tsoron rasa shi ke hana ki sukuni. Yana ɓoye miki ciwonsa don ya tausaya miki, ki nuna masa ba sai ya ɓoye ba. Allah ya ba shi lafiya, ya riƙa sauko miki da shi da ƙafafunsa.