Numfashin Bayan Ƙofa

Litinin, 3 ga Maris
Oga ya sake dawo min da sautin dodon wasan kwamfutar da muke haɗawa. Wai gurnanin da na haɗa dariya yake ba masu gwajin wasan. "Ba ihu ke tsorata ɗan wasa ba," in ji shi, "jira ne. Ki kulle shi a gida, ki hana shi makami, ki bar shi yana jin motsi a bayan ƙofa." Na ce to. Ni za a koya wa zaman kulle! Tun da Baba ya kwanta ciwo ban wuce bakin titi ba. Aikin ma a ɗakina nake yi, kunne ɗaya a kwamfuta, ɗaya a ɗakinsa.

Laraba, 5 ga Maris
Yaya ya ce ranar Asabar zai zo ya karɓe ni, in fita in sha iska.

Asabar, 8 ga Maris
Bai zo ba. Wai taro ya tsare shi. Na gaji, wallahi na gaji.

Talata, 11 ga Maris
Na kai wa Baba magani da hantsi, na tarar yana barci. Ƙirjinsa ya ja numfashi, ya tsaya, ya tsaya, sannan ya saki. Rakoda na aljihuna. Na danna. Ban san abin da ya hau kaina ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Na sa wa dodon numfashin Baba, na tura. Oga ya kira, baki har kunne. Wata mai gwaji ta cire belun kunne ta ce ita kam ta haƙura. Wai ba numfashin ba ne, shirun da ke tsakani ne. Ai na sani. Shirun nan ne ya hana ni rufe ƙofa in ina wanka. Ya tambaye ni wace dabba ce, na ce sirrin sana'a. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lahadi, 16 ga Maris
Na faɗa wa Baba. Ya ce in sa masa ya ji. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Auta, ashe na samu aiki ina kwance. Dodo guda!" Da ya lafa sai ya ce, "Ke ma haka nake tsorata ki?" Na ce na bar ruwa a wuta.

Alhamis, 20 ga Maris
Baba da kansa ya kira Yaya. Abin da na tsinta kawai: "Yarinyar nan ba fursuna ba ce."

Asabar, 22 ga Maris
Sun tafi da Baba gidan Yaya. Ƙofa a buɗe, babu mai kira na. Na sa takalmi, na rataya jaka. Gidan shiru, irin shirun tsakanin nan, sai dai wannan ba ya yankewa. Na ce bari in duba wani ɗan gyara a wasan kafin in fita, aiki ne kawai. A cikin wasan na kai ƙofar dodon da kowa ke gudu, na tsaya. Har la'asar ina nan da takalmi a ƙafa, ina ƙara sauti.